Makarar Kwana Goma Sha Biyar

Ranar 12 ga Janairun 2005 aka shigar da wata takarda a rajistan kotun 'yan mazan jiya da ke birnin Washington na Amurka. Irin wannan takarda ba ta da tsawo, kuma ba sai da lauya ake rubuta ta ba. Sunanka za ka sa, da ranar hukuncin da ba ka yarda da shi ba, sannan ka ce ka ɗaukaka ƙara. Shi ke nan. Mai takardar wani dattijo ne da ake kira David Henderson, tsohon sojan da ya yi yaƙin Koriya.

Kwana 120 doka ta ba shi. Hukumar da ke sauraron koken tsofaffin sojoji ta ƙi buƙatarsa ranar 30 ga Agustan 2004, kuma in ka ɗauki kalanda ka bi kana ƙirgawa, wa'adin ya cika ranar 28 ga Disamba. Takardar Henderson ta shigo a rana ta 135. Ya makara da kwana 15. A kan waɗannan kwanaki aka shafe shekara shida ana shari'a, har mutumin ya bar duniya ba a gama ba.

Dalilin makarar shi ne abin da ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai. Ciwon da gwamnati take biyansa a kai, shi ne dai ciwon da ya ce ya hana shi kai takarda a kan lokaci.

Henderson ya yi aikin soja daga 1950 zuwa 1952. Yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yunin 1950, aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yulin 1953, bayan ya ci Amurkawa fiye da dubu 36. Su kansu Amurkawa suna kiransa yaƙin da aka manta, domin ya faɗo tsakanin Yaƙin Duniya na Biyu da na Biyetnam, kowanne ya fi shi amo. Henderson bai ga ƙarshensa cikin kaki ba. A 1952 aka sallame shi, bayan likitoci sun gano yana fama da skizofiriniya, nau'in da ke tafe da zargi da tsoro.

Mu a nan duk mukan haɗa mu ce taɓin hankali, mu wuce. Amma ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan ciwo, don sai an san shi za a gane nauyin kwana 15. Mai shi yakan ji muryoyin da ba wanda ke jin su sai shi. Yakan sakankance cewa ana bibiyarsa, ana ƙulla masa sharri, kuma ba hujjar da za ta raba shi da wannan yaƙinin. Ambulan mai tambarin gwamnati, wanda mai lafiya zai yage ya karanta, shi yana iya ganinsa tarko. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato mutuwar jiki da ta zuciya: mutum ya kasa tashi daga shimfiɗa, ya kasa tsara abin da zai yi gobe, lissafin kwanaki ya kwance masa. A shekarar da aka sallami Henderson ne likitoci a birnin Paris suka fara gwada maganin farko da ya yi tasiri a kan irin wannan ciwo, wanda ake kira kulofuromazin, kuma sai a 1954 aka amince da shi a Amurka. Wato ya koma gida da ciwon da maganinsa ma bai iso ba tukuna.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa a Amurka ya sani da VA, ta amince cewa ciwon nasa yana da nasaba da aikin soja. Wannan amincewa ita ce tudun da dubban tsofaffin sojoji ke shafe shekaru suna hawa, amma shi ya wuce ta. Tsarin ma'aikatar shi ne ta auna nakasa daga sifiri zuwa kashi 100, goma-goma, kuma kuɗin da za a riƙa ba mutum duk wata ya danganta da inda aka ajiye shi. A 1992, shekara 40 bayan sallamarsa, aka sa Henderson a kashi 100. Babu sama da haka. Gwamnati da bakinta ta ce ciwon ya gama da ƙarfinsa baki ɗaya.

A 2001 ya nemi ƙari. Akwai wani kuɗi na musamman da ake ba tsohon sojan da lalurarsa ta kai sai da mai kula da shi a gida, wanda zai taimaka masa da wanka da sa tufafi da cin abinci, ko ya tsare shi daga haɗarin da ba ya iya gani da kansa. Abin da Henderson ya roƙa ke nan. Ofishin shiyya ya ƙi. Ya kai gaban Hukumar, ita ma ta ƙi. Saura kotu.

Ita kanta kotun sabuwa ce, kuma tarihinta yana cikin labarin. Shugaba Abraham Lincoln, a jawabin rantsar da shi karo na biyu ranar 4 ga Maris 1865, lokacin da yaƙin basasar Amurka ke gab da ƙarewa, ya ɗora wa ƙasar alhakin kula da wanda ya sha wahalar yaƙi, da matar da ya bari, da marayansa. A 1959 ma'aikatar ta ɗauki waɗannan kalmomi ta kafa su a ƙofar hedikwatarta. Sai dai duk tsawon wannan zamani, idan ma'aikatar ta hana ka haƙƙinka, ba ka da alƙalin da za ka kai wa kuka. Tun 1933 doka ta rufe ƙofar kotu a kan hukuncinta. Ita ce mai bayarwa, ita ce mai hanawa, ita ce kuma mai duba ko ta yi daidai. Ga wata doka tun ta 1864 da ta ce lauya ba zai karɓi fiye da dala 10 a kan da'awar tsohon soja ba. An yi ta ne da kyakkyawar niyya, don kare sojojin yaƙin basasa daga 'yan damfara, amma aka bar adadin a dala 10 ɗin nan fiye da shekara 120, har Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da ita a 1985. Wane lauya ne zai ɗauki fayil mai shafi ɗaruruwa a kan dala 10?

Tsofaffin sojojin Biyetnam ne suka matsa lamba har aka sauya. A Nuwamban 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa kotu ta musamman don duba hukuncin Hukumar. A cikin wannan dokar aka rubuta kwana 120 ɗin. Ko bayan haka, a lokacin da Henderson ya shigar da buƙatarsa, doka ba ta yarda tsohon soja ya biya lauya ba sai Hukumar ta yanke hukuncinta na ƙarshe. Ma'ana, mutum yakan isa bakin wa'adin nan mai tsanani ne daidai lokacin da bai saba da lauya ba, bayan shekarun da aka yi ana ce masa tsarin na zumunci ne, ba na gaba ba.

Kuma gaskiya ne an gina shi da sassauci. Babu wa'adin shigar da buƙata, ko bayan shekara 50 ne kana iya zuwa. Doka ta wajabta wa ma'aikatar ta taimaka maka tattara shaidu. Idan hujjar bayarwa da ta hanawa suka yi kunnen doki, kai ake ba. Idan ofishin shiyya ya ƙi, kana da shekara guda cur ka ɗaukaka ƙara. Idan ka ci nasara a gaban Hukumar, gwamnati ba ta da ikon ɗaukaka ƙara a kanka. Har kwana 120 ɗin ma kotuna sun sassauta shi: a 1998 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta ce ana iya tsayar da agogo idan akwai uzuri mai ƙarfi, a 2004 kuma ta ƙara da cewa ciwon ƙwaƙwalwa yana cikin irin wannan uzuri, matuƙar ya kai ga hana mutum tunani mai kyau ko gudanar da al'amuransa.

Don haka Henderson ya nemi a yi masa uzuri. Ya kawo wasiƙar likitan ƙwaƙwalwarsa, wanda ya bayyana cewa majinyacin nasa ba ya iya fahimtar wa'adi, balle ya cika shi. Da farko kotun ta kori ƙarar, ta ce bai nuna cewa ciwon ne ya jawo makarar ba. Ya roƙi a sake dubawa. Kotun ta yarda, ta janye korar, ta sa ranar sauraro. Ta leƙo ke nan.

Ana cikin haka sai wata shari'a da ba ta da alaƙa da soja ko kaɗan ta faɗo a kansa.

A jihar Ohio akwai wani fursuna mai suna Keith Bowles, wanda aka ɗaure a kan laifin kisa. Ya nemi ƙarin lokaci don ɗaukaka ƙara a kotun tarayya. Doka ta ce kwana 14 za a iya ƙara masa, amma alƙalin ya yi kuskure ya rubuta masa ranar da ta kama kwana 17. Lauyansa ya bi abin da alƙali ya rubuta, ya shigar da takarda a rana ta 16. Ranar 14 ga Yunin 2007 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ya makara. Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa wa'adin da majalisa ta sa a doka don ɗaukaka ƙara daga kotu zuwa kotu magana ce ta hurumi, kuma babu uzurin da ke aiki a kanta, ko da alƙali ne da kansa ya ɓatar da kai. Mai shari'a David Souter, a madadin huɗun da suka ƙi, ya ce bai kamata tsarin shari'a ya yi wa mutane irin wannan ba.

A nan gizo ke saƙar, a kan kalmar hurumi. Idan wa'adi ƙa'ida ce kawai ta tafiyar da aiki, alƙali yana iya duba halin da mutum yake ciki, ɗaya ɓangaren ma yana iya yafewa. Idan kuwa aka ce na hurumi ne, to ranar da ya cika ikon kotu ya ƙare. Ko alƙali ya tausaya, ko gwamnati ta ce ta yafe, hannun kowa a ɗaure yake. Ba a ma isa a tambayi dalili ba.

Kotun 'yan mazan jiya ta dubi hukuncin Bowles, ta ce ya hau kan kwana 120 ɗin. A 2008 ta kori ƙarar Henderson, wannan karon ba don uzurinsa bai gamsar ba, sai don ta ce ba ta da ikon sauraron kowane irin uzuri. Ta koma. Kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Duk tsohon sojan da ya makara daga lokacin, ko yana kwance a asibiti ne, ko takardarsa ta ɓace hanya zuwa wani ofishin, ƙofa ɗaya aka rufe musu.

Aka tafi kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, alƙalanta suka zauna gaba ɗaya saboda girman maganar. A Disamban 2009 tara suka tabbatar da korar, suka kuma soke hukuncinsu na 1998 da ya buɗe ƙofar uzuri. Uku suka ƙi. Wanda ya rubuta ra'ayin ukun, Mai shari'a Haldane Robert Mayer, shi kansa tsohon soja ne da ya yi yaƙin Biyetnam. Ya nuna abin da duk mai hankali zai gani: a wannan tsari, wanda aikin soja ya fi ragargazawa shi ne zai fi kasa cika wa'adi, don haka shi ne zai fi rasa haƙƙinsa. Har cikin tara ɗin da suka yi rinjaye, uku sun rubuta daban suna kira ga majalisa ta gyara dokar. Sun ga zaluncin, amma suka ce Bowles ya ɗaure su.

Ni a ganina wannan shi ne wuri mafi ciwo a labarin. Babu wanda ya ce Henderson maƙaryaci ne. Babu wanda ya ce lafiyarsa ƙalau. Ma'aikatar da ta rubuta kashi 100 a fayil ɗinsa, ita ce lauyoyin gwamnati suka tsaya a madadinta suna cewa makararsa ba ta da magani. Sunan da ke ɗaya gefen takardar ƙarar kuwa shi ne Eric Shinseki, sakataren ma'aikatar daga 2009 zuwa 2014, janar mai tauraro huɗu da ya yi ritaya, wanda nakiya ta cire wa wani sashe na ƙafa a Biyetnam. Ba shi ya ƙirƙiro rigimar ba, muƙaminsa ne ya sa sunansa a kai. Amma haka takardar ta fito: sojan da ya bar lafiyar ƙwaƙwalwarsa a wani yaƙin, yana ƙarar sojan da ya bar naman jikinsa a wani.

Kotun Ƙolin Amurka tana samun dubban buƙatu a shekara, ba ta sauraron ko ɗari a cikinsu. A Yunin 2010 ta yarda ta saurari ta Henderson. Lauya Lisa Blatt, wadda ta saba tsayawa a gaban kotun, ita ce za ta yi magana a madadinsa, aka sa ranar 6 ga Disamba.

Ranar 24 ga Oktoban 2010 David Henderson ya rasu. Saura mako shida a saurari ƙararsa.

Tsofaffin sojojin Amurka suna da wata magana mai ɗaci da suke yi game da ma'aikatar, wai dabararta uku ce: a ja maka rai, a hana ka, a jira ka mutu. Maganar tana da tushe a doka, domin shekara da shekaru da'awar tsohon soja tare da shi ake binne ta, matar da ya bari sai dai ta koma ta bi sabon layi ta nemi abin da ya taru. Sai a Oktoban 2008 majalisa ta yi dokar da ta ba magada damar ci gaba daga inda mamaci ya tsaya. A shari'ar Henderson, matarsa Doretha ta nemi ta maye gurbinsa, Kotun Ƙoli ta amince. Da ta ce ta gaji, ta naɗe hannu, ba wanda zai ga laifinta, kuma da hukuncin da ya rufe ƙofa ya ci gaba da aiki a kan kowa.

Ranar 1 ga Maris 2011 aka yanke hukunci. Alƙalai takwas suka zauna, domin Mai shari'a Elena Kagan ta janye, kasancewar ita ce babbar lauyar gwamnati a gaban kotun kafin a naɗa ta. Duka takwas ɗin bakinsu ya zo ɗaya: kwana 120 ba maganar hurumi ba ce. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Mai shari'a Samuel Alito, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka kori Bowles.

Bai ce an yi kuskure a shari'ar Bowles ba. Cewa ya yi ba hanyarsu ɗaya ba. Waccan ɗaukaka ƙara ce daga wata kotu zuwa wata, a shari'ar da ɓangarori biyu ke fafatawa. Wannan kuwa duba aikin ma'aikata ne a wata kotu ta musamman, cikin tsarin da majalisa ta gina da gangan don ya karkata wajen tsohon soja. Ya bi dokar 1988 ya nuna cewa sashen da ya ambaci kwana 120 bai yi maganar ikon kotu ba, kuma an ajiye shi ne a babin tafiyar da aiki, ba a babin hurumi ba. Ya tuna da tsohuwar ƙa'idar kotun cewa dokar da ta shafi haƙƙin sojoji ana fassara ta ne ta fuskar da za ta amfane su. Ya kuma kawo wani adadi daga ƙididdigar kotun 'yan mazan jiya: a cikin shekara goman da suka gabata, kusan kashi 79 cikin 100 na ƙararrakin da aka duba gundarinsu sun ƙare da an ba tsohon soja wani sauƙi, ko an soke hukuncin Hukumar ko an mayar mata ta sake. Duk wanda aka rufe wa ƙofar wannan kotu, an raba shi ne da wurin da ake yawan gano cewa an yi masa ba daidai ba.

Hukuncin bai share wa'adin ba. Alito ya ce ƙa'ida ce mai muhimmanci, ya kuma bar maganar uzuri ga kotunan ƙasa. A Disamban 2011 kotun 'yan mazan jiya ta yanke cewa ana iya tsayar da agogo idan uzurin ya kai, kamar yadda ake yi kafin Bowles. A 2017 majalisa ta sake fasalin ɗaukaka ƙara a cikin ma'aikatar, sabon tsarin ya fara aiki a Fabrairun 2019 da hanyoyi uku: ka nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗinka, ko ka kawo sabuwar shaida, ko ka tafi gaban Hukumar kai tsaye. Kwana 120 na zuwa kotu yana nan yadda yake.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Adolfo Arellano ya yi aikin sojan ruwa daga 1977 zuwa 1981, ya fito da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, bai shigar da buƙata ba sai 2011. Ma'aikatar ta amince ta fara biyansa daga ranar da ya nema. Doka ta ce wanda ya nema cikin shekara guda da sallama, daga washegarin sallamar za a lissafa masa. Arellano ya ce ciwon ne ya hana shi nema duk shekara 30 ɗin, a tsayar masa da agogo. A Janairun 2023 Kotun Ƙoli, ita ma baki ɗaya, ta ce wannan wa'adin ba ya karɓar uzuri, domin majalisa ta riga ta jera keɓantattun dalilan da ta yarda da su. Ciwo iri ɗaya, roƙo iri ɗaya, amsa daban.

Shi kuwa hukuncin Henderson, wanda lauyoyi ke kafa hujja da shi har yau a shari'o'in da ba su da alaƙa da soja, in ka buɗe shafinsa na farko ba sunan David za ka fara gani ba. An rubuta Doretha H. Henderson, wakiliyar David L. Henderson, marigayi. Ya fito wata huɗu da kwana biyar bayan rasuwarsa, kusan shekara goma bayan ya roƙi a ba shi kuɗin mai kula da shi a gida. Kotun Ƙoli ba ta ce ya cancanci kuɗin ba, ba ta ma ce uzurinsa ya karɓu ba. Ta mayar da fayil ɗin ƙasa, ta ce yanzu ana iya tambayar abin da ya sa ya makara.